Itacen da Kawu ya bar mini a cikin kasko

Tun da na dawo daga Adar ba a bar ni na huta ba. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta leƙa tsakar gida, ta hango kaskon nan a kan turmin da na kife, ta ce, "Binta, wai wannan ne abin da kika ƙetare ƙasa kika ɗauko?" Daga nan sai tambayoyi su biyo baya: yaya hanya, me suke ci, da gaske ne garin duk duwatsu ne. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu da allura a bakina, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Mahaifiyata Hadiza 'yar Ibohaman ce, wani gari a ƙasar Keita, cikin yankin Adar na Nijar. Aure ne ya kawo ta Katsina, a nan ta haife mu, a nan kuma ta rasu bayan doguwar jinya. Ƙaninta ɗaya ne a duniya, Kawu Asumana. Ganina da shi na ƙarshe a lokacin jinyar ne, da ya zo ya ɗan kwana biyu tare da mu. Mutum ne marar yawan magana. Yakan zauna a bakin ƙofa da carbinsa yana kallona ina juya ta, ina ba ta koko da cokali, ina goge mata baki. Ni kuwa ban taɓa taka garinsu ba.

Da bazarar bara ɗansa Illa ya kira ni a waya ya ce tsoho ya riga mu gidan gaskiya. Bayan mun yi wa juna gaisuwa sai ya ƙara da cewa, "Kuma ya bar miki wasiyya. Akwai wani icce da yac ce ke za a ba."

Na ɗauka wata tsamiya ce ko kuka a gona. Na ce, "Illa, yaya zan yi da itace a wata ƙasa? Ku ci amfaninsa, na yafe."

Ya ce, "A'a, wanga na ɗauka ne da hannu. Ki taho dai ki gani."

Da ma ta'aziyya ta wajaba a kaina. Na rufe shago na kama hanya.

Daga Katsina zuwa Jibiya ba wanda ya yi hira a mota, kowa na jan addu'arsa, kun dai san halin hanyar. Da muka ƙetare iyaka muka isa Ɗan Isa, wani jandarma ya leƙo ta taga ya faɗi wata kalma da ban taɓa ji ba. Kowa ya shiga laluben aljihu, ni kuwa na zuba masa ido. Matar da ke kusa da ni ta zungure ni ta ce, "Katin shaidarki yake nufi." Ya duba katin, ya tambaye ni da Hausa ina za ni. Na ce ta'aziyyar kawuna a Keita. Sai ya sauke murya ya ce, "Allah ya jiƙan rai, Hajiya," ya miƙo mini katin da hannu biyu. Wannan ce gaisuwar farko da na karɓa a ƙasar uwata, kuma daga bakin wanda na fi jin tsoro.

A Maraɗi na sauya mota zuwa Madawa. Abin da na fara lura da shi, Hausa ɗaya muke yi da su, amma da zarar an zo lambar waya ko ƙarfe nawa, sai su juye zuwa Faransanci. Makaranta lakwal ce, asibiti kuwa likita suke ce masa, shi ginin kansa. Da muka nausa yamma sai harshen ma ya sauya, ya koma irin na mahaifiyata in ranta ya ɓaci: tahi, hura, mi kac ce. Ina jin wata tsohuwa a bayana tana yi wa jikarta faɗa, sai na ji hawaye ya zubo mini, don muryar sak tata.

Illa na jirana a tashar Madawa. Fataucin albasa yake yi, mutum ne mai jiki, kuma idanunsa irin na Kawu ne. A gidan surukansa muka kwana. Zafin garin ya sa ba mai shiga ɗaki, aka shimfiɗa mana tabarmin kaba a tsakar gida, irin masu kyan nan da garin ya yi suna da su. Aka kawo mini wata ƙatuwar ƙwarya cike da fura, na kurɓa kaɗan na ajiye ina jiran abinci. Matar gidan ta yi ta kallona. Can ta ce, "Ko hurar ba ta yi miki ba?" Ashe ita ce abincin. Da ta gane sai ta yi dariya ta haɗa mini kwaɗon zogale, wanda su suke kira kopto.

Washegari muka hau buɗaɗɗiyar mota zuwa Buza, daga can zuwa Keita. Hanyar wani wuri ta yi daɗi, wani wuri kuma sai ka ji haƙoranka na karo da juna. Duwatsun can ba irin namu ba ne, samansu a baje yake kamar an yanke da wuƙa. A jikinsu na ga an jera ƙananan duwatsu layi-layi, da itatuwa a bayan kowane layi. Illa ya nuna mini da baki ya ce, "Aikin su tsoho ke nan, tun suna samari. Mata na ɗauko duwatsu bisa kai, maza na gina ramu, ana dasa icce don a tare ruwa. Can yaƙ ƙare ƙuruciyatai."

Da la'asar muka shiga Ibohaman. Rumbunansu na ƙasa manya ne ƙwarai, wani ma ya fi ɗakin kwana girma. Na tarar da matar Kawu, Inna Tsahara, tana zaune a ɗakin takaba, 'yar siririya, ta lulluɓe kanta. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba, tana cewa, "Ɗiyar Hadiza. Ɗiyar Hadiza ta zo gida."

Sai da na sha ruwa na yi salla sannan ta ce wa Illa ya ɗauko. Ya fita ya dawo riƙe da wani kaskon ƙasa mai faɗin faifai, zurfinsa bai wuce tsawon yatsa ba. A tsakiyarsa ga itace. Ba reshe aka soka ba, ba kuma dashe ba ne, cikakken itace ne tsoho, sai dai tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba. Gindinsa ya kai kaurin kan taɓarya, fatarsa toka-toka mai tamoji, rassansa sun karkace kowanne ya kama gabansa. Ba ganye ko ɗaya. A jikin wani reshe an naɗe jar waya har ta fara nutsewa cikin fatar. Ƙasar kaskon kuwa jiƙe take sharkaf.

Ni ko na'ana'a ban taɓa shukawa a gwangwani ba. Na ce, "Inna, wane itace ne wannan?"

Ta ce, "Wallahi ɗiyata ban sani ba."

Illa ne ya yi mini bayani. A zamanin aikin dashen nan akwai wani Nasara da ya shaƙu da Kawu, shi ya koya masa yadda ake tsare itace a cikin kasko ya tsufa bai girma ba. Kawu ya ajiye nasa a bukkar garkarsa, wato lambunsa, can cikin kwari nesa da gari, shekara wajen talatin. Ba ya kawo shi gida, kuma in an tambaye shi sunansa sai ya yi murmushi ya ce icce ne da ba ya gaggawa. Sai da ciwo ya kwantar da shi ya sa aka ɗauko masa, lokacin kuwa ya riga ya zubar da ganye.

Na ce, "To me ya sa ni? Ga ka, ga ƙannenka."

Illa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni kullum ina bisa hanya, awaki za su cinye shi. Tsoho cewa ya yi, a ba ɗiyar Hadiza, ita ta iya jinya."

Matan da suka zo gaisuwa suka kewaye kaskon, kowa da abin da take gani. Wata ta ce kuka ce, dubi gindin. Inna ta girgiza kai ta ce, "Ganyen kuka yatsu biyar gare shi. Wanga na taɓa ganin ganyenai da na kai abinci garka, guda-guda ne." Wata ta ce to itacen ƙarya ne, mai jan furen nan. Wata ta ce ai itacen Nasara ne, ba a ƙasar nan sunansa yake ba. Wata kuma ta nuna wayar ta ja da baya, ta ce ita dai ba ta taɓa abin da aka ɗaure. Har wata mai ƙarfin hali ta kai hannu za ta ɓantari fatar ta tauna ta ji.

"Kul!" in ji wata murya daga bakin ƙofa. "In ƙarya ce, dahi ne."

Wani dogon dattijo ne Buzu, ya rufe fuskarsa da rawani sai idanu. Sunansa Agali, makiyayi ne, abokin Kawu tun na ƙuruciya. Aka miƙa masa kaskon waje. Ya sunsuni reshen ya ce ba itacen dashi ba ne, dashi ƙamshi gare shi. Sannan ya danna gindin da babban yatsa, daidai inda ya haɗu da ƙasa. Na ga yatsan ya ɗan lotsa. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kaskon.

Sai da aka zauna shan shayi a ƙofar gida ya sa Illa ya kira ni. Shayinsu a ɗan ƙaramin kofi ne, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai an yi zagaye uku. Na shanye na farko na ce na gode, Illa ya raɗa mini cewa ba a tashi a kan na farko. Agali ya ce, "Ɗiyata, ni ma ban san sunanai ba. Da rani nike zuwa garin ga, da damana ina arewa da bisashe, ban taɓa ganinai da ganye ba. Amma abu guda na sani. Duk ranin da na zo, ƙasar kaskon nan busassa ce ƙarau. Asumana bai ba shi ruwa in ya tuɓe. Yanzu ko gindin ya soma ruɓa."

Na ce, "To wa ke ba shi ruwa?"

Shi da Illa suka dubi juna.

Da asuba na gani da idona. Ana kiran salla Inna ta fito ta cika wata tsohuwar buta daga randa, ta ɗan tsaya da ita a hannu, sannan ta je ta juye ta duka a cikin kaskon. Ruwan garin nan ba a banza ake samunsa ba, na ga yadda mata ke dakonsa a kan jakuna daga nesa. Na koma shimfiɗata, don ban san ta inda zan fara ba.

Illa ya ce mu kai shi Keita wurin ma'aikatan gandun daji, ko za a dace. Ranar kasuwa ce, motar ta cika da mutane da buhuna da awaki. Na rungume kaskon a cinyata ina kare shi daga gwiwoyin mutane, ban lura da wata akuya da aka ɗaure a bayana ba. Sai ji na yi an fizgi itacen. Kafin in juya ta gutsure kan wani reshe tana taunawa. Na yi salati da ƙarfi har direba ya taka birki. Mai akuyar ya yi ta ba ni haƙuri, da ya ji ana cewa wataƙila itacen dafi ne kuma sai hankalinsa ya fi nawa tashi. Har muka isa Keita yana leƙa bakinta, ita kuwa ko a jikinta.

A ofishin muka sami wata matashiya da koren kaki, ana ce mata Madam Rakiya. Tana ganin kaskon ta miƙe tsaye ta ce, "Kai! Bonsai a Ibohaman?" Ta ce haka ake kiran wannan sana'a, asalinta daga can ƙasashen Japan ne, ana datse saiwa da rassa a hankali shekara da shekaru har itacen ya saba da ƙaramin wuri. Ta ce, "Gaskiya Hajiya, a lakwal a hoto kawai na gan shi, yau na fara taɓa shi da hannu. Amma icce dai icce ne. Mu duba tare."

Ta kankare fatar wani reshe kaɗan da farce, sai ga kore a ƙasa. Ta ce yana da rai. Na ji kamar an sauke mini kaya. Ta duba inda akuya ta gutsura, ta matsa, ba wani ruwa mai kauri da ya fito. Ta ce da ƙarya ce da yanzu tana ta zubar da ruwanta, da kuma akuyar nan ta gaya wa mutane. Ta ja ɓawon wurin da ya tsage sai ya biyo ta zare-zare kamar za a tufka igiya. Illa ya ce, "Awa na kuka," wato kamar ɓawon kuka.

Na ce, "Amma Inna ta ce ganyensa guda-guda ne."

Madam Rakiya ta ce kuka tana ƙarama ai guda-guda take yi, sai ta girma take raba yatsu, kuma mai yiwuwa wadda aka hana girma ta ci gaba da yin na ƙuruciya. Ta ce, "Zuciyata ta fi ba ni kuka. Amma ba ni rantsuwa sai ya yi ganye. Kahin nan mu yi mai abin da ba ya cutar da ko wane icce ne."

Muka shimfiɗa buhu a inuwa muka zare shi daga kaskon. Wari ya bugo mu. Saiwarsa dunƙule take kamar rogo, gefe ɗaya fari mai tauri, ɗaya gefen kuwa ya yi baƙi ya narke. Ramin da ke ƙasan kaskon ma laka ta toshe shi, ruwa ba ya fita. Illa ya karɓo garwashi wurin mai shayi aka gasa bakin wuƙa. Madam Rakiya ta miƙo mini ta ce, "Ke za ki riƙe shi, ke za ki yanka."

Na karɓa na fara. Na yi shekaru ina yanka atamfar mutane ban ji tsoro irin na ranar ba. Na yi ta shaftare ruɓaɓɓen kaɗan-kaɗan har na kai ga fari tas, kusan sulusin saiwar ya tafi. Muka barbaɗa toka a kan ciwon. Ta kawo ƙaramar filaya muka datse wayar gutsu-gutsu, ta ce ba asiri ba ne, da ita ake lanƙwasa reshe, an dai bar ta ta daɗe ne. Sannan ta yi mini bayani dalla-dalla, ta sa na maimaita. A bar shi a inuwa ba ƙasa har ciwon ya bushe. A mayar da shi cikin yashi mai tsakuwa wanda ruwa ke wucewa. Ya sami ranar safe. Kada ya ga ruwa sai ya fito da toho, in ya fito ma sai ƙasar ta bushe a sake ba shi. Kada a sa taki yanzu, kada a datse kome bana.

Da muka koma gida na kwantar da shi a faifai ƙarƙashin rumbu. Na ce wa Inna ma'aikata sun ce a bar shi ya sha iska. Ban ambaci ruɓa ba, na kuma roƙi Illa kada ya ambata. Ta dubi saiwar da tokar da ke jikinta, ta ce to.

Da asuba na ji motsinta na fito. Tana tsaye da butar a cike, a gaban kaskon da ba kome a ciki. Ba ta juyo ba ta ce, "Ni na ruɓar da shi, ko?"

Na ce, "Inna, ai yana da rai."

Ta ce, "Na sani ba ya son ruwa da rani. Malam ya hwaɗa mini tun yana kwance." Malam take ce wa Kawu. "Amma ɗiyata, tun ran da anka kawo ni gidan ga, kullum asuba ni ka cika mai butar ga in aje bakin ƙohwa. Da ya tahi, hannuna bai bari ba. Sai in cika, in tsaya, in rasa inda za ni kai ta. In maida randa ban iyawa. In zubas ƙasa ban iyawa. Sai in ba iccenai."

Na tsuguna a gabanta na miƙa hannuwana na ce, "Inna, ban yi alwala ba. Zuba mini."

Ta zuba mini, tana kuka ina kuka, har na wanke ƙafafu. Sauran kwanakin da na yi a gidan haka muka riƙa yi kowace asuba.

Ana gobe zan tafi na ce mata ni fa na fasa ɗauka, a bar mata shi, in ya so Illa ya riƙa dubawa. Raina bai ba ni in raba ta da shi ba. Ta ce, "Wasiyya ce, ba a taɓa ta. Kuma in ya zamna wurina kashe shi za ni yi, na san hannuna. Ki tahi da shi." Ta ba ni wani tsohon zanenta na naɗe shi, kaskon kuma Illa ya ɗaure mini a cikin kwali da ƙaiƙayi. Agali ya aiko mini da cuku, busasshen nonon nan nasu mai kama da takarda, wanda sai da aka nuna mini ana jiƙa shi a shayi na san yadda ake cinsa.

A hanyar dawowa a ƙirjina na rungume shi, don kada a danne. Tsakanin Buza da Madawa wata mata ta daɗe tana satar kallona, can ta matso ta ce a hankali, "Baiwar Allah, yaron ba shi da lahiya ne? Tun ɗazu bai motsa ba." Na buɗe mata gefen zanen. Ta yi salati ta dafe ƙirji, mutanen motar suka yi ta leƙe. Da na ba su labarin sai wani dattijo ya ɗaga hannu aka yi wa Kawu addu'a.

A iyaka ma sai da aka sa na kwance shi. Ma'aikacin ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, magani ne?" Na ce gado ne. Ya dube ni ya dubi itacen, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Suka yi ta gardama a kan ko wane iri ne, ɗaya ya ce kuka ɗaya ya ce ƙarya, har direbanmu ya gaji ya danna oda. Suka naɗe mini shi da kansu suka ce Allah ya raya.

Da na iso gida ciwon ya bushe ya yi tauri. Na sa aka ɗebo mini yashin rafi, na haɗa da tsakuwa da ɗan farfasasshen tukunya, na buɗe ramin kaskon, na zaunar da shi. Na kife turmi a inda ranar safe ke sauka na ɗora shi, nesa da awakin maƙwabta.

Daga nan sai jira, kuma shi ne ya fi wuya. Zafin bazara ya yi tsanani, ƙasar kaskon ta yi fari fat, itacen na tsaye kamar busasshen ƙirare. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ki ba shi ruwa mana, ai ya mutu." Sau da yawa ina wucewa da moɗa sai in ji hannuna ya karkata can da kansa. A nan na gane Inna sosai. A jinyar mahaifiyata kullum akwai abin yi, a wannan kuwa aikin shi ne ka gani ka ƙyale. In tsoro ya kama ni sai in kankare wani ɗan wuri da farce, in ga koren nan, in koma kan kekena.

An yi ruwan farko bai motsa ba. Na riƙa shigar da shi rumfa in hadari ya taso. Bayan ruwa na biyu da 'yan kwanaki, wata safiya na fito shara sai na ga wasu 'yan ƙuraje kore a kan rassan, har da wanda akuya ta gutsura. Na ajiye tsintsiya na zauna a ƙasa ina kallo. Ranar na ba shi ruwansa na farko, na tsaya har na ga ya ɗiga ta ƙasan kaskon.

Ganyen ya buɗe guda-guda kamar yadda Inna ta ce, ƙanana masu sheƙi. Na jira suka yi ƙwari, sannan na tsinki ɗaya, na ce Allah ya yafe mini. Na murje shi a tafin hannu da ɗigon ruwa. Ya yi yauƙi, ya ja zare tsakanin yatsuna. Na sunsuna. Duk macen da ta taɓa kaɗa miya ta san wannan ƙamshi.

Na kira Illa, aka yi sa'a yana gida. Na ce ya kai wa Inna wayar. Lokacin ta kusa fita takaba. Muka gaisa, na ce, "Inna, ta yi ganye. Kuka ce."

Ta ce, "Kuka? Kin tabbata?"

Na ce, "Na murza, ga yauƙin nan a hannuna."

Sai na ji wani sauti da ban gane ba da farko. Dariya take yi. Ta ce, "Kai, Malam! Shekara talatin yana ɓoye mini kuka cikin kasko, ni ko ina bin kasuwa ina sayen ta miya!" Ta yi ta dariya har muryar ta karye ta koma kuka, ta sake komawa dariya. Ina jin Illa daga nesa yana cewa, "Inna, lahiya?"

Da ta natsu ta ja numfashi ta ce, "Ɗiyar Hadiza."

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "Wanda kinka tsinka ya isa. Ki bar mata sauran ganyenta."